Ƙwarya Ɗaya a Zauren Malam: Nazarin Wani Aikin Haske a Birnin Damagaram, 2023 zuwa 2025

Wurin da mutumin

Zauren yana cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram da ta kewaye fadar Sarki, inda lunguna ke ratsawa tsakanin manyan duwatsu da gine-ginen ƙasa. Soro ne na ƙasa, tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 4, rufinsa daurin guga, tsakiyar rufin ta kai mita 4 daga daɓe. Ƙofa biyu gare shi, ta waje da ta cikin gida, ba shi da taga. Wani dattijon malami ne ke karantar da almajirai wajen 30 a cikinsa da bakin ƙofarsa, da asuba, da kuma daga Magariba zuwa bayan Isha'i. A da wutar kara ake hurawa a waje don karatun dare. Aka koma fitilar ƙwai, daga bisani aka jawo ƙwan lantarki guda daga cikin gida.

Matashin da ya kawo maganar ƙawata zauren da hasken hudaddiyar ƙwarya tsohon almajirin zauren ne, yana kusa da shekara 30. Mahaifinsa mai sassaƙar ƙwarya ne, yana kai kaya kasuwar Dole ranar Alhamis, sana'ar da roba da kwanon silba suka rage wa kasuwa. Shi kuwa haɗa wuta ya koya, yana ɗora wa shaguna da gidaje farantin sola. Tun yana yaro ya iya riƙe wuƙar zane, amma bai taɓa cin abinci da ita ba.

Inda tunanin ya samo asali

Abu uku ya haɗu a ransa. Na farko gawo ne. Dangin mahaifiyarsa mutanen wajen Matamai ne, ƙasar da gawo ya cika gonakinta. Gawo itace ne da ya saba wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani kuma yake yin kore lokacin da komai ya bushe. Har yau ana ba da labarin yadda sarakunan Damagaram, musamman Sarki Tanimu, suka tsananta a kan mai sare shi. Abin da ya zauna wa matashin shi ne ɗige-ɗigen hasken da ke sauka ƙarƙashin gawo da tsakar ranar rani, suna rawa a kan yashi in iska ta kaɗa.

Na biyu aya ta 35 ce ta Suratun Nur, wadda ta buga misali da alkuki da fitila da gilashi da man zaitun. A wannan zauren ya rubuta ta a allo, ya wanke.

Na uku a wayarsa ya gani: masu fasaha na wasu ƙasashe da suka mai da haske shi kansa abin aikinsu, ba fenti ko dutse ba. James Turrell, Ba'amurken da aka haifa a 1943 cikin gidan mabiya ɗarikar Kwaka, masu taruwa su yi ibada cikin shiru, yana gina ɗakuna masu buɗaɗɗen rufi don mutum ya zauna ya kalli yadda launin sama ke sauyawa da almuru. Tun shekarun 1970 yake aikin irin wannan a cikin wani mataccen dutse mai aman wuta, Roden Crater, a jihar Arizona. Bruce Munro na Ingila ya dasa fitilu kusan 50,000 masu aiki da hasken rana a kusa da dutsen Uluru na Ostiraliya a 2016, yana kwaikwayon yadda hamada ke tsirowa bayan ruwa. Olafur Eliasson ya rataya siffar rana ta fitilu da madubai a zauren Tate Modern na Landan a 2003, mutane suna kwanciya a ƙasa suna kallonta.

Wanda ya fi kama shi aikin Anila Quayyum Agha ne, 'yar asalin Lahore ta Pakistan da ke zaune a Amurka. Akwatin katako ne mai kimanin mita 2 ta kowane ɓangare, an huda shi da zane irin na fadar Alhambra ta Andalus, an rataya shi a tsakiyar ɗaki da ƙwai guda a ciki, inuwar zanen ta lulluɓe bango da rufi da daɓe. Aikin ya ci babbar kyautar ArtPrize a garin Grand Rapids a 2014. Matashin ya ce a ransa: mu ma muna da abin hudawa, muna da zane, muna da soro.

Ya je ya durƙusa gaban malaminsa ya ce, «Allah gafarta Malam, ina so in ƙara wa zauren haske, kuma in yi masa ado.» Malam ya ce, «Allah Ya yi albarka, ɗana. In dai yara za su ga allo, bismilla.» Daga wannan ganawar ta farko ake iya ganin kowanne da abin da yake nufi da haske.

Maris zuwa Afrilu 2023: gwajin farko

An fara azumi a ƙarshen Maris, shi kuma ya yi niyyar kammalawa kafin goman ƙarshe. Ya ɗauki duma 5 daga kayan mahaifinsa, kowanne faɗinsa wajen santimita 30, ya yanke gindinsu, ya kwashe cikin, ya huhhuda su da ƙarfe mai zafi. Ramukan milimita 5 ne, a jere bisa siffar ganyen gawo. Ya sa wa kowanne ƙwan LED na kasuwa mai wat 9, irin mai farin kai, ya rataya su a kusurwa huɗu da tsakiya.

Da aka kunna, zauren ya yi haske, yara sun ga allo, Malam ya yi godiya. Zane dai bai fito a bango ba ko kaɗan. In ka dubi duman za ka ga ɗige-ɗige masu kyau a jikinsa, in ka dubi bango sai wani dishi-dishi marar siffa. Matashin ya ɗauka ƙarfin wutar ne ya gaza, ya canja ƙwayayen zuwa wat 15. Bangon ya ƙara haske, zanen ya ƙara ɓacewa. Aka yi Sallah a haka.

Mayu zuwa Yuni 2023: neman ƙwan da ya dace

Bayan Sallah ya sauke huɗu ya bar ɗaya, don yana bukatar ƙwayayen a wani aikin. Nan take wata 'yar inuwa ta fara bayyana. Ashe hasken kowane duma yana faɗawa cikin inuwar sauran yana shafe ta. Wannan ne abu na farko da ya gane, kuma ba da gangan ba.

Na biyu ya fi ba shi wuya. Ya cire farin murfin ƙwan yana zaton shi ke tare haske. A ƙarƙashin murfin akwai ƙananan ƙwayoyi a jere cikin da'ira. Da ya kunna, kowane rami guda na duman sai ya zuba wa bango da'irar ɗige-ɗige, da'irori suka hau kan juna, ido ya rasa abin kamawa. Ya nemo tsohon ƙwan gilashi mai zare a ciki, wat 40. Kowane rami ya fitar da siffar zaren a lanƙwashe, kuma kafin awa ɗaya cikin duman ya fara ƙauri.

A nan ne gawo ya ba shi amsa. Duk wanda ya lura da ɗigon hasken da ke ƙarƙashin itace da tsakar rana ya san kusan dukkansu zagayayyu ne, alhali kafofin da ke tsakanin ganye kowace da siffarta. Dalili shi ne ƙaramar kafa ba siffarta take kaiwa ƙasa ba, siffar abin da ke ba da hasken take kaiwa. Rana zagayayya ce, ɗigon ya zo zagaye. Shi ya sa ranar husufi ɗigon ƙarƙashin itace ke komawa lauje-lauje. Ramukan duman ma haka suke yi: hoton ƙwan suke kai wa bango, ko farin kai, ko da'ira, ko zare.

Lissafin ba shi da wuya. A auna daga jikin duma zuwa bangon ɗaki, a raba da nisan da ke tsakanin ƙwai da jikin duma, a ninka da faɗin ƙwan. Abin da ya fito shi ne faɗin dishi-dishin da zai kewaye kowane ɗigo. A gwajin farko santimita 185 ne a raba da 15, wajen 12 ke nan, a ninka da faɗin ƙwai santimita 6: sama da santimita 70. Ɗigon da ramin milimita 5 ya kamata ya bayar bai kai santimita 7 ba. Ba yadda za a yi ya tsira a cikin dishi-dishin da ya ninka shi sau goma.

Magani biyu ne, a ƙanƙanta ƙwai ko a girmama ƙwarya. Ya ciro ƙwayar LED guda daga wata babbar tocila, wat 3, faɗin wurin da ke haske bai wuce milimita 3 ba. Da ya kunna, ganyen gawo ya fito a bango karo na farko. Bayan 'yan kwanaki ƙwayar ta yi shuɗi ta mutu. Irin wannan ƙwaya ba ta ƙona hannu daga gaba, amma gindinta na tara zafi, ga shi kuma a rufe take cikin duma a watan Mayu na Damagaram, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40. Ya kai wa wani maƙerin tukwanen alminiyom, aka zuba masa ɗan faifai mai kauri, ya ɗaura sabuwar ƙwaya a kai, ya buɗe kafofin iska a ƙasan duman. Ba ta sake mutuwa ba.

Akwai wani abu da mahaifinsa ya nuna masa. Jikin duma yana da kauri, saboda haka kowane rami ɗan bututu ne. In ƙwan bai zauna a tsakiyar duman daidai ba, ramukan gefe ɗaya za su kalli wani wuri daban, haskensu ya toshe. Tsohon ya ce, «Ka riƙa huda kana nufar cibiya, kada ka huda kana nufar ƙasa.» Sai ya dinga faɗaɗa bakin kowane rami ta ciki da tsinin wuƙa.

Yuli 2023: maganar rubutu

Da zane ya samu, sai ya koma kan ainihin burinsa. Ya roƙi wani gardi mai kyawun hannu ya rubuta masa farkon ayar Nur a jikin sabon duma da rubutun allo, shi kuma ya bi layin ya yanke. Ya kai mako biyu a kan aikin. Ya gayyaci Malam da wasu dattawa biyu bayan Isha'i, ya kunna.

Rubutun ya fito a juye. Abin da aka rubuta don a karanta daga wajen duma, in haske ya tura shi daga ciki, bayansa ake gani a bango. Ban da haka, layin ƙasa bai tsaya a bango ba, ya miƙe a kan daɓe da tabarma, ya hau ƙafafun mutane, wani sashe ya kai har kan takalman bakin ƙofa.

Malam ya ce, «Kashe, ɗana.» Aka kunna tocila. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, «Abin da ba mu taɓa shi sai da alwala, ruwan wankin allonsa ma ba mu zubar da shi inda ake takawa, shi ne yau a kan takalmi?»

Matashin ya ce, «Allah gafarta Malam, in na yanka shi a juye zai fito daidai a bango, kuma sai in ɗaga shi sama.»

Malam ya ce, «To a jikin duman fa, ba a juye yake ba? Ranar da ya fashe, wa zai tsince gutsattsarin? Bar wa allo aikinsa.»

An rataye wannan duman a ɗakin Malam, sama da kai, ba a sake kunna shi ba. Labarin ya fita unguwa, wasu samari suka fara cewa ana neman mai da makarantar allo gidan kallo, wasu suka kira abin bidi'a. Matashin ya ɗauke ƙafa daga zauren kusan wata guda. Malam ne ya aika a kira shi, ya gindaya masa sharaɗi huɗu: ba aya ba sunan Allah a jikin ƙwarya, ba a kunnawa lokacin salla, ba a karɓar ko dala daga mai zuwa gani, kuma ba wanda zai ce abin yana da wata albarka ko asiri. Ya ƙara da cewa in ado yake so, ga zayyana nan da ake yi wa allon mai sauka, ba harafi a cikinta.

Agusta 2023 zuwa Mayu 2024: wuta, ƙura da batir

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse wutar da take tura wa Nijar a farkon Agusta, cikin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Kafin lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa, kuma Damagaram da Maraɗi na kan layin da ya taso daga Katsina. Wuta ta zama ta rabo. Dare da dama zauren ya koma tocila.

Matashin ya ɗora farantin sola mai wat 50 a kan soron, ya kafe shi da ƙusoshi, ya haɗa da tsohon batirin mota kai tsaye, don a lokacin ba shi da kuɗin na'urar daidaita caji. Ya sa fitilun karatu 4 masu wat 3. A lissafi abin ya wadatar: fitilun na cin wat 12, awa 3 a dare, wat-awa 36 ke nan, ƙwaryar kuma 3 in ta yi awa guda. Farantin kuwa yana iya ba da wajen wat-awa 175 a yini mai kyau.

Abin da bai shiga lissafi ba shi ne maƙwabta. Ba wuta a unguwa, ga batir a zauren Malam, kuma ba a hana maƙwabci. Waya 20 ko fiye ake jonawa a yini, wasu har cikin dare, kowace tana shan wat-awa 10 zuwa 15. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa ta ɗan lokaci a tada inji, sannan a cika shi nan take. In ana tatse shi har ƙasa kullum, ba ya daɗewa.

Da hunturu ya kama a Disamba, ƙurar da iska ke kwasowa daga arewa maso gabas ta rufe farantin. Wata rana da tsakar rana ya auna ya sami amfiya 1.7, ya goge da tsumma ya sake aunawa ya sami 2.6. Kashi ɗaya cikin uku ke nan ƙura ta cinye, ga shi kuma hawa soron sai da tsani, ba mai hawa sai shi. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu 2024, wutar Najeriya ta dawo a Maris, masu caji suka ragu, amma batirin ya riga ya ji jiki. Yana ajiye a wani lungu da rana ke dukan bangonsa, kuma zafi na rage kwanan irin wannan batir ƙwarai: ƙarin digiri 10 a kan 25 na iya raba rayuwarsa biyu. A watan Mayu ya daina riƙe caji.

A duk tsawon wannan lokaci ba a cika kunna ƙwaryar ba, saboda wata matsala da ba ta wuta ba. Fitilun karatu na kashe zanen. In an kashe su yara ba sa ganin allo. Ya gwada yi musu hula ta gwangwani don haskensu ya kalli ƙasa kaɗai, ya taimaka kaɗan, amma hasken da ke tashi daga alluna da fararen riguna ya isa ya dushe rufin.

Damina 2024

Tsofaffin almajirai suka haɗa kuɗi aka sayi batirin sola mai bolt 12, amfiya-awa 40, da na'urar daidaita caji mai yanke wuta in batir ya yi ƙasa. Aka ajiye shi a ƙasa, a kusurwar da ta fi sanyi.

Ruwan farko ya zo da ƙwari. Ƙwayar da ke cikin duman farar fat ce, mai ratsin shuɗi, irin wadda ake rubuta wa 6500K, kuma ƙwari sun fi bin irin wannan hasken. Shinge suka cika duman suka toshe ramuka, tsaka ta bi su, hangara ta ƙona wuyan wani yaro. Ya canja ta da mai ja-ja, 2700K. Ƙwarin suka ragu sosai, kuma wani dattijo ya ce wannan ta fi kama da wutar da suka yi karatu da ita.

Daminar ta yi ƙarfi fiye da yadda aka saba a garin da ruwansa na shekara ke kai-komo wajen milimita 400. A farkon Satumba tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Duk mai soro hankalinsa ya tashi. Da magini ya hau na Malam, ya tarar ruwa ya bi ƙusoshin farantin ya shiga rufin, ƙafar farantin kuma ta tare hanyar indararo ɗaya. Ya ce a sauke shi a ranar. Duman ya jiƙa, ya yi funfuna, ya tsage daga wuya. Aikin ya tsaya cik har ruwa ya ɗauke.

Nuwamba 2024 zuwa Maris 2025: tsarin da ya zauna

Aka yi wa soron yaɓe. Farantin ya koma kan turken ƙarfe a tsakar gida, yana fuskantar kudu da ɗan karkata kaɗan, tsayinsa daidai inda hannun yaro zai kai. Aka ba wani almajiri aikin goge shi da busasshen tsumma kowace safiya bayan karatun asuba. Cajin waya ya koma da rana kaɗai, waya 10 a yini, dala goma kowace, kuɗin na shiga asusun batir. Malam da kansa ya sanar da haka a bakin ƙofa, ba wanda ya yi gardama.

Mahaifin matashin ya nemo masaki biyu na duma ɗaya, busassu sarai, faɗinsu santimita 50. Na sama aka huda aka kife, na ƙasa aka bar shi ba zane sai kafofin iska, shi ke ɗauke da faifan alminiyom da ƙwayar a daidai cibiya. Wani gyartai ya ɗinke su, ya bar gefe guda da ake buɗewa a share. Gefen ƙwaryar zayyana ce, tsakiyarta ganyen gawo, ramukan daga milimita 4 zuwa 8, ba a jere ba. Da sabon lissafi, 175 a raba da 25 ya ba da 7, a ninka da milimita 3, dishi-dishin ya tsaya a wajen santimita 2, ɗigon ramin milimita 6 kuma ya kai kusan 5.

An rataye ta da siririyar waya a tsakiyar zaure, mita 2 daga ƙasa. A nan nisanta da bango huɗu da tsakiyar rufi kusan ɗaya ne, saboda haka zanen bai miƙe a wani gefe ya tsuke a wani ba, kuma duk abin da ta zuba sama da kan mutum yake. An shafa farar ƙasa daga wannan tsayin zuwa sama, aka bar ƙasan bangon da launinsa. Da iska ta shigo ta ƙofa ƙwaryar kan ɗan motsa, ɗigon su yi rawa. Matashin ya so ya ɗaure ta da waya ta biyu, mahaifinsa ya ce ai rawar yake nema tun farko.

Rikicin fitilun karatu Malam ne ya warware shi, kuma bai taɓa ko waya ɗaya ba. Ya ce, «Wa ya ce duk karatu sai an duba? Bayan Isha'i a jingine alluna, a yi tilawar hadda.» Tsarin ya zama haka: a kashe fitilu huɗun, a zauna cikin duhu kamar minti 5 har ido ya saba, ba mai kunna waya, sannan a kunna ƙwarya, a yi tilawa ta rabin awa. Ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, shi ya sa masu zama ke cewa zanen na ƙara fitowa ana cikin karatun, alhali wutar ba ta canja ba.

Uwargidan Malam ta aiko da tambaya ko mata ba su da rabo. Aka ware musu daren da makaranta ke hutu, suna shigowa ta ƙofar cikin gida. A azumin da aka fara a farkon Maris 2025 an kunna ƙwaryar kowane dare bayan Asham, ba dare ɗaya da batir ya gaza. Cikin samarin da suka soki abin, wasu sun zo sun gani, wasu suna nan a kan ra'ayinsu, amma maganar ta daina yawo.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina kuskuren da ya fi cin lokaci shi ne zaton cewa aikin haske yawan haske yake so. An fara da ƙwai 5 masu wat 9, aka hau zuwa 15, aka ƙare da ƙwaya guda mai wat 3. Duk gyaran da ya yi tasiri a ɓangaren zane ragi ne: rage adadin fitilu, rage girman ƙwai, rage hasken da ke kewaye. Masu haɗa wuta a garinmu an horar da su ne su kori duhu, kuma da gaskiyarsu, don shi mutane ke biyan su su yi. Wannan aikin kuwa ba ya yiwuwa sai an bar wa duhu mafi yawan ɗakin.

Hukuncin Malam a kan rubutu daidai ne, kuma ina ganin ya gyara aikin ko ta fuskar ado. Da ayar ta fito a bango, da karanta ta za a riƙa yi, a gama a juya. Yanzu ayar tana bakin yara, ido kuma yana kan abin da ba ya bukatar karantawa. Sharuɗɗansa huɗu su ne suka hana abin zama abin jayayya a unguwar da ake ɗaukar maganar bidi'a da nauyi. Da matashin ya nemi waɗannan sharuɗɗan tun ranar da ya fara durƙusawa, da bai yi asarar mako biyu da wata guda na ɓacin rai ba.

Ba na ganin laifin maƙwabtan da suka tatse batirin farko. A watannin da ba wuta, cajin waya ya fi zanen bango amfani, kuma duk wanda ya kafa sola a zauren malami ya kafa wa unguwa ne. Kamata ya yi a sa su cikin lissafi tun farko. Laifin da ya fi nauyi shi ne ƙusoshin da aka buga a rufin ƙasa ba tare da an tambayi magini ba. Da daminar 2024 ta ƙara mako biyu, da makarantar ta rasa zaurenta saboda abin da aka kawo don ƙawata shi.

Akwai abin da bai warware ba. An yanke shawarar sauke ƙwaryar duk watan Yuni a mai da ita bayan damina, saboda haka wata huɗu ko biyar na shekara ba ta aiki. Almajirin da ke goge farantin ya iya buɗe ta ya share, amma bai iya canja ƙwayar ba, kuma matashin na yawan tafiya aiki ƙauyuka. Batirin zai bukaci canji nan da shekara biyu ko uku. Tun da wutar gari ta dawo, masu kawo caji ba sa cika goma a yini, kuma da babban gardi ya buɗe asusun bayan Sallah, abin da ke ciki bai kai rabin kuɗin sabon batir ba.